Sau biyu aka canza mini gaskit ɗin injin jirgin ruwa, na biyun ne gyara

Injina mai ƙarfin doki 40 ne, silinda 2, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi ana haɗa masa fetur da mai. Shekarunsa sun ɗan ja amma bai taɓa ba ni kunya ba, sai ranar da ruwan sanyaya injin da yake tsartowa ta gefe ya koma ɗiso-ɗiso. Na gani da idona, na ce bari dai mu kai gaɓa. Kafin mu kai ya fara tari, ƙarfinsa ya zube, murfin ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Irin wannan injin ba shi da kaskon baƙin mai, balle ka ga man ya koma kamar madara yadda ake gani a mota. Fulogi ne ke tona asiri. Da na kwance na ƙasa sai na tarar da shi fes kamar an wanke, ga ɗigon ruwa a bakinsa. Gaskit ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan da jikin injin, ya ƙone ke nan, ruwan sanyaya injin yana kutsawa inda wuta ke kamawa.

Bakaniken farko bai ɓata lokaci ba. Ya cire kan, ya kankare tsohon gaskit da sukundireba, ya shafa gam, ya ɗora sabo, ya ɗaure ƙusoshi da ƙarfin damtse. Fita 3 na yi, ciwon ya dawo.

Sharhin nan a kan na biyun ne. Da na kai masa, bai ko kalli sabon gaskit ɗin da na riƙo ba. Matsin silindojin ya fara aunawa, ya nuna mini allurar: na sama lafiya, na ƙasa ya faɗi warwas. Ya ce tazarar da ke tsakaninsu bai kamata ta wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba. Sannan ya tambaye ni, "Malam, yaushe rabonka da canza farfelar famfon ruwa?" Na yi shiru, don ban taɓa ba.

Ya sauke ƙafar injin ya buɗe famfon. Wannan 'yar farfelar roba, wadda ita ce ke tura ruwa sama, fikafikanta biyu sun gutsure, sauran sun lanƙwashe sun ƙage. Guntayen kuma suna can cikin hanyar ruwa, sai da ya bi ya zaƙulo su tare da yashi da farin dattin da ya daskare. Ashe gaskit ɗin farko ma zafi ne ya kashe shi, kuma na biyun an ɗora shi ne a kan injin da har lokacin ruwa bai ishe shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi da kan silindar. Na alminiyam ne, zafi na karkatar da shi ba tare da ido ya gani ba. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa tsaye, kwance da kuma karkace, yana zura siririn ƙarfen awo a ƙarƙashi. A tsakiya, tsakanin silindojin biyu, mai kaurin milimita 0.1 ya shige salin alin. Sai ya shimfiɗa samfefa mai lamba 400 a kan gilashi mai kauri, ya jiƙa ta, ya riƙa goga kan yana zagayawa kamar mai rubuta 8, yana tsayawa yana sake awo. Ya kuma nuna mini zanen da sukundireban wancan ya bari a fuskar ƙarfen. Gam kuwa ko kusa, ya ce gaskit ɗin wannan injin a bushe ake ɗora shi. Ƙusoshin ya wanke zarensu, ya ɗaure da sifana mai awon ƙarfi, daga tsakiya zuwa waje, zagaye biyu, yana duba littafin injin. Ya canza bawul ɗin da ke daidaita zafin injin ma tunda an riga an buɗe wurin.

Ina da ƙorafi. Ƙusa ɗaya da tsatsa ta ci ta karye a ciki wajen kwancewa. Wannan kan faru, musamman ga injin da ke shiga ruwan gishiri, kuma ya fitar da ita da zafi da haƙuri bai lalata ramin ba. Amma aikin da ya ce kwana 2 ya kai 6, kuma ko sau ɗaya bai kira ya sanar da ni ba, ni nake ta bin sa. Ya kuma mayar mini da murfin injin duk shatin hannu na giris.

Na ba shi 4 cikin 5. Wata 5 ke nan, fulogan biyu launinsu ɗaya, ruwan yana tsartowa da ƙarfi tun daga tashin farko. Tsohuwar farfelar tana cikin akwatin kayan aikina, kusa da sabuwar da na saya na ajiye.