Wasanni, yawon buɗe ido ko shaƙatawa: wanne za ka ɗauka?

Ƙanina da ya yi tambaya jiya cewa ya samu gurbin digiri a kwas ɗin shaƙatawa da wasanni da yawon buɗe ido, an ce sai ya zaɓi ɓangare ɗaya ya ƙware a kai, shi kuma hankalinsa ya fi karkata ga wasanni saboda son ƙwallo, to ga nawa ganin.

Da farko ka cire wa ranka cewa ɓangaren wasanni koyon buga ƙwallo ne ko zama koci. Kasuwanci ne zalla. Sayar da tikiti, neman kamfanonin da za su ɗauki nauyin kulob, kwantiragin 'yan wasa, haƙƙin nuna wasa a talabijin, kula da filin wasa, su za ka yi ta karantawa. Tun 1966 da Jami'ar Ohio a Amurka ta buɗe digiri na biyu kan gudanar da harkar wasanni ake tafiya a haka. Matsalar ita ce kowa can yake rububin shiga, masu nema sun yi wa guraben yawa, kuma yawanci daga sayar da tikiti ake farawa da ɗan albashi kaɗan, ga aikin dare da ƙarshen mako, lokacin da jama'a ke kallon wasa kai kana bakin ƙofa kana fama da layi. In kana iya jure wannan to bismillah.

Yawon buɗe ido ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Otal, kamfanin jirgin sama, masu shirya tafiye-tafiye, hukumomin tallata ƙasa, manyan taruka, duk ƙofofi ne. A 2019 kaɗai an yi tafiye-tafiye kusan biliyan 1.5 tsakanin ƙasashe. Sai dai harka ce mai saurin girgiza, a 2020 da korona ta zo adadin ya faɗi da sama da kashi 70 cikin 100, mutane da dama suka wayi gari ba aiki. Kuma in ba ka da haƙuri da baƙo ko ba ka son koyon wani yare, za ka sha wuya gaskiya.

Shi kuwa ɓangaren shaƙatawa shi ne ake rainawa, ni kuma wallahi shi ya fi kwanta min a rai. Ana jin sunan sai a ɗauka wasa ne, alhali su ne masu kula da gandun daji irin Yellowstone na Amurka da aka kafa a 1872, da wuraren hutawa na birane, cibiyoyin matasa, shirye-shiryen tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Akwai ma reshen da ake amfani da wasa da motsa jiki wajen taimaka wa marasa lafiya su farfaɗo, a Amurka har takardar shaida ta daban gare shi, CTRS. Yawanci gwamnati ko ƙungiyoyi ake yi wa aiki, ba za ka yi kuɗin a zo a gani ba amma aikin ya fi ɗorewa, kuma kana ganin amfanin abin da ka yi a jikin mutane da idonka.

Abin da zan ce maka tunda ƙwallo kake so: ka ɗauki yawon buɗe ido, sannan ka cika darussan zaɓinka da shirya taruka da tallan wasanni. Gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022, masauki da sufuri da tarbar baƙi sun ci ma'aikata fiye da cikin fili, ka ga ta nan ma ana shiga harkar ƙwallo. Kafin ka cike fom ɗin kuma dan Allah ka je sashen ka tambayi inda suke tura ɗaliban kowane ɓangare sanin makamar aiki, da inda waɗanda suka gama bara suke aiki yanzu.