Wasiƙa daga Manchester: abin da na biya don kallon mawaƙi ɗaya da jitarsa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, a wasiƙar da ta gabata na yi maka bayanin kuɗin haya da na wuta da na cefane, sai ka tambaye ni ko mutanen nan suna da wani abin nishaɗi ban da ƙwallo, da kuma abin da yake ci musu. Amsar ta same ni har inda nake a makon jiya, domin wani Bature da muke aiki tare a sito ya matsa mini lamba in raka shi kallon wani mawaƙi da ya shafe shekaru yana jagorantar ƙungiyar kiɗan rok, irin kiɗan nan mai jitar lantarki da ganguna da ƙara kamar aradu. A wannan karon mutumin ya bar abokan kiɗansa a gida, ya fito shi kaɗai yana zagaya ƙananan gidajen wasa. Ka ƙaddara marigayi Shata ne ya sallami masu kalangu da 'yan amshi ya zauna a zaure shi ɗaya, to irin wannan ɗoki ne ya hana abokin nawa sukuni.

Tikitin fam 35 ne, amma da na zo biya ta intanet sai aka ɗora fam 3 da rabi da sunan ladan sayarwa, alhali ba a ba ni ko takarda ba, alama ce kawai aka turo cikin wayata. Wannan ladan ya ba ni haushi, kuma na lura kowa a nan yana ƙorafi a kansa yana kuma biya. Idan ka juya jimillar a kan canjin da ke kusa da naira 2,000 kowace fam, kuɗin ya haura naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a Najeriya a 2024. Na san za ka riƙe baki. Amma mafi ƙarancin ladan awa da aka tsayar a nan a watan Afrilun 2025 fam 12.21 ne ga wanda ya kai shekara 21, wato aikin awa uku da 'yan mintoci ya biya tikitin, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi. Abokin nawa ya ce wannan araha ce, ya tuna mini abin da ya faru a watan Agustan 2024, lokacin da ƙungiyar Oasis, 'yan asalin wannan gari, suka sanar da dawowarsu: mutane sun yini a layin intanet suna jiran tikitin kusan fam 150, da layi ya zo kansu suka tarar ya haura fam 350, har sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe bincike.

Gidan wasan bai kai girman ɗakin taron makarantar sakandarenmu ba. Yana ƙarƙashin wani tsohon gini na jan bulo, ana sauka ta matakala, kuma a ƙiyasina bai ɗauki fiye da mutum 300 ba, a garin da ke da zauren Co-op Live mai cin mutum 23,500. A bakin ƙofa mai gadi ya leƙa jakata, wata mata ta haska wayata da na'ura, ta buga mini hatimin tawada a bayan hannu. Na ba da rigar sanyina ajiya a kan fam 2 aka ba ni lamba. Babu kujeru sai 'yan kaɗan da aka keɓe wa masu lalura, kowa a tsaye yake, kuma ba a ware wa kowa wuri na musamman ba, don haka wanda ya riga zuwa shi ne a gaba ko da kuwa direban bas ne. Hayaƙin taba ma babu, domin tun 2007 doka ta hana shan ta a cikin irin waɗannan wurare a Ingila.

An manna wata takarda a bango mai ɗauke da lokuta: buɗe ƙofa ƙarfe 7, mawaƙiyar share fage ƙarfe 8, babban baƙo ƙarfe 9 saura kwata, tashi ƙarfe 11. Na duba agogo da gangan don in kama su da saɓa alkawari, amma minti biyu kawai aka ƙara a kan lokacin. Dalilin ba wai sun fi mu kirki ba ne. Lasisin gidan ne ya ƙayyade lokacin da dole a kashe sauti saboda maƙwabta, kuma idan ƙorafi ya yi yawa ƙaramar hukuma tana iya sake duba lasisin. Ka tuna wasan Sallar da muka je, wanda aka rubuta ƙarfe huɗu a kati, aka fara bayan Isha'i, janareta ya mutu sau biyu a tsakiyar waƙa.

Da mutumin ya fito, tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Dattijo ne mai furfura, sanye da baƙar riga da ta koɗe, ba ya tare da ɗan rakiya ko sanƙira, sai jita biyu a jingine da kwalbar ruwa a ƙasa. Ina jin ƙarar yatsunsa suna goga tsirkiya idan ya sauya kamu, ina jin numfashinsa kafin ya ɗaga murya. A waƙa ta huɗu tsirkiya ɗaya ta tsinke, sai ya zauna yana ɗaura wata da hannunsa yana ba da labarin yadda ya rubuta waƙar a ɗakin haya mai yoyo, mutane suna dariya. Ban fahimci rabin baitocinsa ba, amma na gane abin da ake yi, domin mun taso muna jin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, mun san cewa mawaƙin da ya tsaya shi kaɗai ba shi da inda zai ɓoye muryarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne amshi. Mutum 300 ne suka zama 'yan amshinsa, sun haddace kowane baiti, idan kuma ya sassauta murya sai ɗakin ya yi tsit. A bayan ɗaki akwai wani saurayi zaune gaban allo mai maɓallai, aikinsa kawai daidaita sauti, kuma tun daga farko har ƙarshe lasifika ba ta yi ƙugi ko sau ɗaya ba.

Babu wanda ya hau dandamali ya yi liƙi, shi ma bai ambaci sunan kowa ba, bai wasa wani attajiri ba. Na tambayi abokina yadda ake yi wa mawaƙi alheri, sai ya nuna mini wani tebur kusa da ƙofa inda ake sayar da riga mai sunansa a kan fam 30 da faifan garmaho a kan fam 28. Wannan tebur shi ne liƙinsu. Bayan an tashi mutumin ya zo da kansa ya tsaya a wurin yana sa hannu a kan faifai. A ganina tsarin ya fi namu kare mutuncin mawaƙi, tunda ya san abin da zai samu kafin ya buɗe baki, ko da yake na ji kewar yadda mawaƙinmu yake kallon idonka ya kira sunan kakanka.

Shi kuwa gidan, ba da tikiti yake rayuwa ba, domin mafi yawan wannan kuɗi na mawaƙi ne da wanda ya shirya wasan. Da cinikin giya yake biyan haya da wuta da ma'aikata, kofi ɗaya kusan fam 6 da rabi. Ni da ba na sha, na nemi ruwan famfo aka ba ni kyauta ba tare da an ɓata fuska ba, domin doka ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da giya ya bayar da shi, har aka haɗa mini da abin toshe kunne na soso, shi ma kyauta. Ka ga ke nan na yi awa huɗu a gidan mutane, abin da ya shiga aljihunsu daga gare ni bai wuce kuɗin ajiyar riga ba. Wata ƙungiya mai suna Music Venue Trust ta ba da rahoton cewa a 2023 kaɗai ƙananan gidaje 125 irin wannan sun rufe ko sun daina shirya wasa a Birtaniya, shi ya sa ake ta kiran a riƙa cire fam 1 daga kowane tikitin manyan zaure a tallafa musu. Da na ji haka sai na koma na sayi lemon kwalba na fam 3, ba don ina jin ƙishi ba.

Ƙarfe 11 da kwata ina tsaye a tasha, bas ya kai ni unguwarmu a kan fam 2. Hatimin nan kuwa sai da na sa sabulu da soso kafin alwalar Asuba ya fita. Abokin nawa ya ce yana son jin mai kuntigin da na ba shi labari, don haka idan tsofaffin kaset ɗin Baba suna nan a cikin akwatin ƙarfen nan, ka sa yara su ɗauko mini biyu ko uku a waya su turo.