Kansar ƙofar hanci: tiyata ko gashi?

Wata 'yar'uwa daga Kubwa ta tambaya a zauren nan cewa mahaifinta ya daɗe yana fama da wani gyambo a ƙofar hanci, yana ɓawo yana zubar da jini, har aka yanki tsokar wurin aka auna, aka ce kansa ce. Likita ya ambaci tiyata, ya kuma ambaci gashi, wato ƙona ciwon da wani haske mai ƙarfi (radiotherapy). Wanne ya fi?

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Wurin da ake magana shi ne farkon cikin hanci, daidai inda yatsa ke kaiwa. Fata ce ta lulluɓe shi, don haka kansar wurin ta fi kama da ta fata a ɗabi'a, kuma ta fi saurin jin magani a kan wadda ke can cikin kogon hanci. Ba ta da yawa, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kansar kai da wuya ba.

Kafin a zaɓi magani, girman ciwon ake dubawa. Tun 1976 wani likita a Boston ta Amurka, C. C. Wang, ya kasa shi mataki uku: wanda ya tsaya a ƙofar hanci, wanda ya taɓa leɓen sama ko fatar hanci ko katangar tsakiya, sai wanda ya kai ga ƙashi. Ki tambayi likita a wane mataki Baba yake, domin amsar tambayarki tana nan.

A mataki na farko, gashi da tiyata kusan kunnen doki suke yi. Rahotannin asibitocin Turai da Amurka sun nuna kusan mutum 9 cikin 10 ciwon ba ya dawowa a wurin bayan gashi. Bambancin yana ga fuska. Likitan tiyata dole ya yanke ciwon har da lafiyayyar tsokar da ke kewaye da shi, kuma hanci ba shi da rarar tsoka. Ɗan abu kaɗan aka cire, sai gefen hancin ya lotsa, a koma neman fatar goshi ko ta kumatu a yi faci. Idan ciwon ya yi girma, hancin gaba ɗaya ake cirewa a sa na roba. Ga dattijon da ke shiga sahun masallaci sau biyar a rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gashi kuwa yana barin hanci a inda yake.

Shi ma gashin iri biyu ne. Akwai na waje, wanda mutum ke kwanciya a ƙarƙashin na'ura, an rufe masa fuska da wata ragar roba da aka ƙera daidai kansa don kada ya motsa. 'Yan mintoci ne kullum, Litinin zuwa Juma'a, mako 6 zuwa 7. Fatar hanci takan yi duhu ta saɓule, cikin hanci ya bushe, haɓo ya riƙa zuwa, kuma bushewar kan zauna har bayan an gama (lokacin hunturu sai an dage da ruwan gishiri da man shafawa). Akwai kuma na ciki: a soka siraran bututu ta cikin hancin, a riƙa tura sinadarin da ke fitar da hasken gashin ta cikinsu, a gama cikin kamar mako guda, ido da sauran fuska ba su sha zafi sosai ba. Ga ƙaramin ciwo ya fi kyan sakamako, sai dai a ƙasar nan an fi amfani da shi wajen kansar bakin mahaifa, don haka sai kin tambaya ko akwai mai yin na hanci.

Idan ciwon ya kai ƙashi, lissafi ya canza. Gashi shi kaɗai ba ya wadatarwa, tiyata ake fara yi sannan a bi da gashi. Haka ma idan ya sauka kaluluwar ƙarƙashin haɓa, damar warkewa tana raguwa sosai, kodayake 'yan kaɗan ne ake samu da hakan a farkon zuwa.

Ni a ganina, idan ciwon Baba ƙarami ne, gashi ya fi, musamman da yake idan bai ci ba ana iya komawa ga tiyata. Amma da sharaɗi: a gama shi ba tare da yankewa ba. Kowane hutu a tsakiya dama ce ga ciwon ya sake tofo. Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja yana yin gashi, akwai kuma a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato. Ki tambayi ranar farawa da jimillar kuɗi tun kafin a soma. Idan layin na watanni ne alhali likitan hanci da kunne zai iya aiki cikin mako biyu, to tiyata ta fi jira.

Idan Baba yana shan taba ya bari tun yanzu. Bayan magani kuma kada a yi wasa da komawa asibiti, don yawancin dawowar ciwon cikin shekara 2 zuwa 3 na farko take faruwa.