Fostar 'yan tayi da na saya a Terminus

Satin da ya wuce na shiga wani shagon littattafai a gefen Terminus neman abin da zan manna a aji saboda 'yan SS3 ɗina mun shigo babin ebolushon, wato yadda halittu ke sauyawa a hankali daga asali ɗaya, kuma WAEC ta matso, sai mai shagon ya zaro min wata fosta babba mai leda, ya ce malam wannan ita malaman bayoloji ke saye. Dubu huɗu ya ce, da ƙyar muka daidaita a uku da ɗari biyar.

Takardar tana da kauri gaskiya, kalar ma ta fita, har daga bencin baya ana gani. 'Yan tayin halittu takwas ne a jere, kifi, kunkuru, kaza, alade, ɗan maraƙi, zomo, mutum da wata mai kama da ƙadangare, kowanne a mataki uku. Na rufe sunayen da takarda na ce su nuna min mutum a layin sama, wato matakin farko. Wata yarinya ta nuna kaza da ƙarfin gwiwarta, aji ya kwashe da dariya, wanda ya fi kowa dariya shi kuma zomo ya nuna.

To matsalar ita ce zanen ba sabo ba ne, na Ernst Haeckel ne ɗan Jamus, tun 1874, kuma mutumin ya ƙara gishiri. A 1997 Michael Richardson da abokan aikinsa sun ɗauki ainihin hotunan 'yan tayin, sai ga bambanci ƙarara a girma da siffa wanda zanen ya shafe. Fostar ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba kan wannan. Abin da ya fi ɓata min rai ma, sun ja kibiya zuwa wuyan ɗan tayin mutum sun rubuta wai abin numfashin kifi ne. Ba haka ba ne. Ninki ne a gefen wuya da duk masu ƙashin baya suke da shi tun farko, a kifi shi ke zama abin numfashi, a jikinmu kuwa ya koma muƙamuƙi da ƙananan ƙasusuwan cikin kunne da sashen maƙogwaro. Wutsiyar ɗan tayin mutum kuma da gaske ce, tana nan wajen sati na 5, zuwa sati na 8 ta ɓace sai ɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya. Irin wannan ne masana ke kafa hujja da shi cewa asalin halittun ɗaya ne, ba wai kamannin ido kawai ba.

Wani yaro ya ce malam to Annabi Adamu fa, na ce wannan hirar ta fi ƙarfin minti arba'in, yanzu dai ka san abin da silabus ke tambaya.

Na sa baƙin alƙalamin maka na gyara kibiyar, ledar ma ba ta kama tawada sosai sai da na maimaita sau uku. Wanda zai saya ya saya, amma ya sauke ainihin hotunan a waya ya riƙa nunawa tare da ita.