Gargaɗi kan dillalan da ke sayar da guraben aikin gwamnati

Duk lokacin da aka ji cewa hukumar kwastam, ko ta shige da fice, ko kamfanin mai na NNPC za su ɗauki ma'aikata, sai dillalan guraben aiki su bazama a WhatsApp da Facebook, kowa yana cewa yana da hanya a Abuja, wai an ware wa wani babba gurabe kuma yana son sayar da su. Ina kira ga matasan da suka gama bautar ƙasa suna zaune a gida, da iyayen da ke sayar da gona ko shanu domin ɗansu ya samu abin yi, da su yi hattara da waɗannan mutane.

Ba sa fara neman kuɗi mai yawa. Da farko kuɗin fom ne, sai na gwajin lafiya, sai a ce suna ya fito a ba da kafin alƙalami kafin gobe, in ba haka ba gurbin zai koma hannun wani. Kuɗin kuma asusun wani mutum ake tura su, alhali kuɗin gwamnatin tarayya asusunta na bai ɗaya suke shiga. Wasu har shafin bogi suke buɗewa mai ɗauke da tambarin hukuma, su karɓi lambar NIN da BVN, daga baya su kira su nemi lambar sirrin da banki ya turo, su kwashe abin da ke asusu. Adireshin shafukan ma'aikatun gwamnati yakan ƙare da .gov.ng, kuma sanarwar hukumar CDCFIB, wadda ke ɗaukar jami'an shige da fice, da na tsaron farin kaya, da na gidajen gyaran hali, da 'yan kwana-kwana, takan faɗa ƙarara cewa neman aikin kyauta ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar kama aiki ta jabu. Ana buga ta da hatimi da sa hannu, mutum ya kai ta gida a yi murna, dangi su zo barka. Wani ma, idan akwai bara-gurbi a cikin ma'aikatar, har tebur za a ba shi, ya yi watanni yana zuwa ofis da kuɗin motar da ya ranto, ana ce masa albashi yana tafe. Asiri yakan tonu ne a wurin tantancewa domin shiga tsarin biyan albashi na IPPIS, inda za a tarar hukumar da ke da ikon ɗaukarsa ba ta san da shi ba. Ofishin shugaban ma'aikatan tarayya ya sha sanar da gano masu irin waɗannan takardu.

Gaskiya ne akwai cuwa-cuwa a harkar ɗaukar aiki, har wani kwamitin majalisar wakilai ya binciki cinikin gurabe a shekarar 2023, kuma da wannan ne 'yan damfara suke kafa hujja. Sun kuma san cewa wanda ya biya yana tsoron kai ƙara, domin shi ma yana ganin cin hanci ya bayar, saboda haka suke cutar mutum bayan mutum a unguwa ɗaya ba tare da an tona su ba. Dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara.

Masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu su ma su riƙa ƙaryata tallar bogi da zarar an yi ta da sunansu, ta rediyo da harshen da jama'a ke ji. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya sanar da bankinsa nan take, ya adana shaidar turawa da saƙonni da lambobin waya, ya kai su ofishin EFCC ko ICPC ko na 'yan sanda mafi kusa da shi.