Jirgin Jidda zuwa Kano: awa 5 ɗin da suke faɗa ba ita ba ce

Dan Allah duk mai shirin raka tsoho gida daga Jidda ya karanta wannan kafin ya yanki tikiti. Ni a unguwar Sharafiyya ta Jidda nake zaune, Hajiyarmu ta zo Umara ta gama, ciwon suga ga ƙafa, na ce ba zan barta ta koma ita kaɗai ba, na ciro huruj da auda, wato bizar fita da dawowa, na bi ta.

Ejan ɗin ya ce min kai tsaye ne, awa 5 kun sauka. To da can gaskiyarsa ne, tsakanin Jidda da Kano wajen kilomita 3,400 ne in an miƙe, jirgi ya tsallake Bahar Maliya ya ratsa Sudan da Chadi shikenan sai gida. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jirage suka koma kewayawa. Kamfanin ya san da haka, ejan ma ya sani, babu wanda ya buɗe baki ya faɗa min. Mun doshi awa 7 a sama, ban da zaman da muka yi cikin jirgi kafin ya tashi ana ta ƙirga fasinja ana sake ƙirgawa.

Abin da ya fi ƙona min rai keken guragu ne. Tun ranar biyan kuɗi na sa aka rubuta, muka zo kanta aka ce babu a kwamfuta, wai in jira. Haka Hajiya ta dinga takawa tana dafa kafaɗata tana tsayawa tana haki, ga jarkar zamzam lita 5 da zan kai wajen awo, ga jakunkuna, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ita ko cewa kawai take "ƙyale su ɗan nan, ai mun kusa."

A cikin jirgi kam sai dai in yaba. Wata ma'aikaciya da ta ga yanayinta ta sauya mana kujera kusa da bayi, na ce mata sugan Hajiya na sauka, nan da nan ta kawo shayi da dabino tun ba a fara rabon abinci ba, ta dawo ta duba ta ba sau ɗaya ba. Allah ya saka mata da alheri. Har na fara cewa a raina to a yafe masu.

Sai kuma muka sauka. Yayana tun da rana yake filin jirgin Malam Aminu Kano da mota, saboda lissafin da na tura masa na awa 5 ne, na cire awa 2 da Saudiyya ta riga Najeriya. Maganin Hajiya na dare ma a kan wannan lissafin na sa shi cikin babbar jaka, jakar kuma ita ce kusan ta ƙarshe da ta fito. Zamzam ɗin sai washegari aka kira mu.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, kun dai san yadda riyal ke fita a tikiti yanzu. In da tsoho za ku tafi ku riƙe maganinsa a hannu, ku ƙara awa 2 a kan duk abin da ejan ya faɗa, keken kuma kar ku yarda da baki, sai kun gan shi a rubuce a jikin tikitin.