Sharhi kan zagayen cin abinci a Nima tare da abokan da waya ta haɗa mu

Shekara uku muka yi muna gaisawa kusan kullum ba tare da ɗayanmu ya taɓa sanya ɗaya a ido ba. A wani zaure na WhatsApp muka haɗu, wanda aka buɗe domin masu sha'awar karin magana da tsofaffin kalmomin Hausa, kuma a cikin jama'ar zauren akwai mutum huɗu mazauna Ghana da hira ta fi yin nisa tsakanina da su. Da aiki ya kai ni birnin Accra, wanda tsofaffin fatakenmu suke kira Ankara, na sanar da su ranar saukata, su kuma suka yanke shawarar cewa maimakon mu zauna a falon otal muna kallon juna, gara su nemo wani saurayi haifaffen unguwar Nima wanda sana'arsa ita ce zagayawa da baƙi a ƙafa yana kai su wuraren da 'yan unguwa suke cin abinci. Hidimar wannan saurayi ce nake son in yi magana a kanta, domin na biya kuɗina, na bi shi tun ƙarfe 7 na safe har zuwa azahar, kuma ina ganin duk Bahaushen da tafiya ta kai shi can ya kamata ya san abin da zai samu da abin da ba zai samu ba.

Yadda ake shirya zuwan ba shi da wahala. Ana tura masa saƙo ta waya, a faɗa masa yawan mutane da ranar da ake so, a biya rabin kuɗin kafin ranar, sauran kuma a cika idan an gama. Kuɗin ya haɗa da duk abincin da za a ci da ruwan sha, kuma abin da ya faɗo a kaina bai kai rabin kuɗin kwana ɗaya na masaukina ba. Matsalar farko da na ci karo da ita ita ce ba ya karɓar kafin alƙalami sai ta hanyar tura kuɗi ta layin waya na Ghana, wanda baƙon da ya sauka jiya ba zai mallaka ba. Ɗaya daga cikin abokan ce ta biya mini, na mayar mata da sidi, kuɗin Ghana, a hannu. Wanda ba shi da kowa a garin zai sha wahala a nan, kuma na faɗa wa saurayin haka.

Ranar Laraba muka zaɓa, domin ita ce babbar ranar cin kasuwar Nima. Na sauka daga ƙaramar motar haya da suke kira turoturo a bakin babban titin unguwar, na tarar da su a tsaye: malamin makaranta wanda ya taso daga Kumasi tun daren jiya saboda wannan haɗuwa, da wani dattijo direban babbar mota ɗan Tamale, da wani matashi Bamaraɗe da ya zo Accra koyon Turanci, da wata Hajiya ma'aikaciyar jinya da ke zaune a unguwar Madina. Muka gaisa, muka tambayi iyali da gajiya da hanya, daga nan sai magana ta ƙare. Mutanen da muke raba dare muna musu a kan asalin kalma guda, sai ga mu a tsaye kowa yana duban motocin da ke wucewa. Abin ya fi nauyi tsakanina da Malam ɗan Kumasi, domin a shekarar da ta gabata na taɓa gyara masa Hausarsa a gaban jama'ar zaure da lafazin da bai dace ba, ya yi shiru bai ce komai ba, kuma tun daga ranar gaisuwarmu ta zama ta sama-sama.

A nan ne na fara ganin amfanin jagoran. Bai tsaya yi mana dogon jawabi ba, sai ya ce koko ba ya jiran mai nawa, ya shige gaba muka bi shi cikin wani lungu zuwa wurin wata mata da ke zaune a bayan babbar tukunyar da aka lulluɓe da leda da zane domin kada zafin ya fita. Duk faɗin Ghana sunan wannan abin kari "Hausa koko", har a bakin wanda bai iya gaisuwa da Hausa ba. Na gero ne, ya fi namu na Zariya ruwa-ruwa, kuma citta da kanumfari da barkono sun kama shi sosai har mutum yana jin ɗuminsu a maƙogwaro. Ƙosan da aka haɗa mana da shi, wanda suke kira kose, ya soyu har ciki ba tare da ya sha mai ba. Aka ba mu benci guda muka matsu a kai, Hajiya kuma aka ba ta kujera. Dattijon Tamale ya kurɓa ya ce kokon garinsu ya fi wannan tsami, Bamaraɗe ya ce a wurinsu da wannan kauri ba a kira shi koko ba, kafin a shanye kofi ɗaya musu ya kaure irin wanda muka saba yi a waya, sai dai yanzu ana ganin murmushin mai magana, wanda rubutu ba ya nunawa.

Wani abu da na fahimta a kan wannan benci shi ne dalilin da ya sa na shafe kusan shekara guda a farkon saninmu ina ɗaukar Hajiya namiji ce. Hoton masallaci ta sa a lambarta, kuma duk lokacin da 'yan Ghana suka ambace ta sai su rubuta "ya ce" ko "ya tafi asibiti". Hausar zango a Ghana ba ta cika bambanta namiji da mace a nahawu ba, haka kuma ƙ da ɗ da ɓ sun saje da k da d da b a bakin mafi yawan masu magana. Na san wannan a karatu, amma sai da na ji mai koko da 'yarta da yaran da ke zuwa saye duk suna magana a haka, cikin sauri da daɗi, sannan na gane cewa abin da na kira kuskure a rubutun Malam harshen da mahaifiyarsa ta yi masa rarrashi da shi ne.

Daga nan muka ratsa kasuwa. Jagoran ya san masu rumfuna da sunayensu, kuma wannan ne babban jarinsa, domin duk inda muka tsaya sai a ɗebo mana abu a tafin hannu mu shinshina: daddawa, kimba, masoro, busasshen jatan lande, man kaɗanya, goro fari da ja. A wurin mai goro ya ba mu tarihin da ya haddace, cewa Malam Amadu Futa ne ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, kuma Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa tun zamanin fataken Gwanja da ke kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga su ɗauko goro, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu zuwa wasu garuruwa. Bayanin daidai ne, amma a nan aibinsa ya bayyana. An tsara jawabin ne domin Turawa masu yawon buɗe ido, saboda haka sai ya tsaya yana yi mana bayanin mene ne goro da yadda ake cinsa, alhali dattijon da ke gabansa ya fi shekara talatin yana dakonsa. Sai da Hajiya ta ce masa, "Ɗana, waɗannan ai 'yan gida ne, bar su su yi maka bayani," sannan ya yi dariya ya sassauta. Na yaba masa da bai ji haushi ba, kuma daga wannan lokaci ya koma mai tambaya da sauraro, tafiyar ta fi armashi.

Wurin mai waakye ne zuciyar zagayen. Sunan ba wani abu ba ne illa wakenmu, wato shinkafa da wake, amma abin da suka mayar da shi ya wuce garau-garau da nisa. Ana dafa shinkafar da waken tare da karan dafi da 'yar kanwa, shi ya sa launinsa yake fitowa ja mai duhu kuma waken yake yin laushi. Ana zuba shi a faffaɗan ɗanyen ganye irin wanda ake naɗe alala da shi a kudancin Najeriya, a ɗora taliya, wadda su ma taliya suke ce mata, da garin rogo da aka murza da mai, da dafaffen ƙwai, da ganda, da soyayyen kifi ko cukun da suke kira wagashi, sannan miyar tumatir da baƙin yajin nan nasu mai suna shito, wanda ake soya barkono da busasshen kifi da jatan lande a cikin mai har su yi baƙi. Layin masu saye ya kai bakin titi, akwai masu kwat da za su ofis da 'yan dako da ɗaliban makaranta, kowa yana kiran mai abincin Hajiya yana faɗin na nawa za a zuba masa da abin da za a ɗora. Jagoran ya riga ya yi magana da ita tun jiya, don haka ba mu bi layi ba. Zafin abincin yana fito da ƙanshin ganyen ya shiga shinkafar, kuma ban taɓa cin shinkafa da wake da ta kai wannan ba. Abin da ya rage mini daɗi shi ne rashin wurin zama. A tsaye muka ci a gefen babbar kwatar da ta ratsa unguwar, rana ta fara zafi, mutane suna ture mu, kuma hirar da ta fara ɗaukar zafi ta yanke. Mai irin wannan sana'a ya kamata ya tanadi ko da tabarma ce a zauren wani maƙwabci, musamman idan akwai dattijo ko mace a cikin baƙinsa.

Haka kuma ya cika mana ciki da wuri. Tsakanin waakye da tuwo bai fi awa ɗaya da rabi ba, ga kuma burkina da ya saya mana a hanya, wato gero da nono mai sanyi da ake sayarwa a gora, ɗan'uwan furarmu ne sai dai geron yana nan tsaba-tsaba ba a dama shi ya narke ba. Wanda zai je ya nemi a rage masa awon waakye, in ba haka ba zai isa wurin tuwo ba shi da sauran wuri.

Gidan tuwon kuwa ya biya duk abin da aka rasa a baya. Ɗaki ne mai rufin kwano a cikin wani gida, da tebura uku da fanka da buta da sabulu a bakin ƙofa. Tuwon zafi, kamar yadda sunansa yake a duk ƙasar, na garin masara ne da ɗan garin rogo, ya fi namu laushi ƙwarai, kuma ana zuba shi cikin miyar lalo, wadda suke kira ayoyo, mai daddawa da garin kifi, a kwarara jar miya da nama a gefe. Matar gidan ta tambaya ko kwano nawa za ta kawo. Kafin kowa ya amsa, dattijon Tamale ya ce a ba Hajiya nata, mu maza huɗu kuma a zuba mana a babban kwano guda. Jagoran ya ce zai jira mu a waje, kuma a ganina wannan fita da ya yi ita ce mafi kyawun abin da ya yi mana a ranar, domin ya gane cewa akwai maganar da ba za a yi a gabansa ba.

Hannuna da na Malam suna cikin kwano ɗaya, ina ta neman ta inda zan fara, sai ya tura tsokar nama mafi girma zuwa gabana ya ce baƙo ne ke da ita. Na ce masa, "Malam, ina da laifi a wurinka tun bara, kuma na zo ne in nemi gafara." Ya ce ya daɗe da yafewa, amma abin ya yi masa ciwo a lokacin, domin a Kumasi ana ce musu baƙi 'yan arewa, idan kuma suka juya wajen 'yan'uwansu na Kano da Zariya sai a ce Hausarsu ba Hausa ba ce. Ya gaya mini cewa kakan mahaifinsa daga ƙasar Katsina ya taso da jakuna, bai sake komawa ba, kuma har yau a gidansu ba a ɗaura aure sai an yi alkaki da nakiya. Dattijo ya sa baki da labarin hanyar Tamale zuwa Bawku, Bamaraɗe ya faɗi irin kewar fura da kilishin gida da ke damunsa, Hajiya kuma daga teburinta ta ce ita tun ranar da aka yi abin ta so ta kira mu duka biyu ta ga bai kamata ta shiga tsakanin mazan da ba ta taɓa gani ba. Mun fi awa ɗaya a wannan ɗaki, matar gidan ba ta tashe mu ba, jagoran ma bai leƙo ya nuna mana agogo ba, duk da cewa lokacin da muka yi ciniki da shi ya wuce.

Ya rufe zagayen da raka mu Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda ba shi da nisa da Nima. Turkawa ne suka gina shi bisa salon masallatan Istanbul, da hasumiya huɗu, aka buɗe shi a watan Yulin 2021. Wannan ba ya cikin tsarinsa na yau da kullum, mu ne muka nema saboda azahar ta yi, kuma bai ƙara mana ko kwabo ba. A harabar masallacin muka cika masa sauran kuɗinsa, Hajiya ta ƙara masa da abin goro.

Idan aka tambaye ni, zan ce a neme shi, amma a gaya masa tun a saƙon farko cewa masu zuwa Hausawa ne domin ya ajiye jawabin Turawa, a roƙe shi wurin zama a wajen mai waakye, a sa takalmi mai rufi saboda lungunan suna da ruwa, kuma a bar masa tuwo a ƙarshe kamar yadda ya tsara. Tsire, wanda suke kira cicinga, ba ya cikin zagayen domin sai da yamma ake hura wutarsa. Shi mu da kanmu muka nema bayan magariba, Malam ya fasa komawa Kumasi a daren, muka zauna a bakin titi har ƙarfe 10, kuma da safe kafin in wuce filin jirgi ya iso masaukina da kwalbar shito da ƙunshin karan dafi ya ce in kai wa uwargida.